Ɗan kwikwiyon da ke tsoron igiya: yadda ake saba masa har a kai shi wurin allura



Yau ba zancen shanu ko tumaki na zo da shi ba, zancen kare ne. Na san wani zai ce, mutumin da aikinsa duba lafiyar bisashe ne, me ya haɗa shi da koya wa kwikwiyo tafiya da igiya? Ni ma a da haka nake gani, sai da wani abu ya faru a kan idona a wani zango da ke arewa da Dakwaro, wajen kwarin Tarka.

Mun je aikin rigakafi, kuma cikin akwatin sanyinmu har da allurar haukan kare. Shanu da awaki ba su ba mu wahala ba, an kora su cikin shinge an yi musu ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan karnuka sai aiki ya tsaya. Suna ganin an ɗauko igiya suka watse cikin daji, ko rabinsu ba mu samu yi wa ba. Ina cikin tattara kaya sai ga wani yaro ɗan shekara kamar goma sha biyu yana jan wani ɗan baƙin kwikwiyo da ya zarga wa igiya a wuya. Kwikwiyon ya kafe ƙafafu a rairayi, harshe a waje, ya saki fitsari. Kafin su iso inda nake ya ja da baya da ƙarfi, ya zare kansa, ya arce. Kakan yaron ya yi dariya ya ce: "Likita, ƙyale wannan. Matsoraci ne, haka aka haife shi."

Ba a yi wata biyu ba dattijon ya kira ni a waya, muryarsa ba irin ta ranar ba. Wani dila ya shigo zangonsu da rana tsaka, ba ya gudun mutane, ya ciji akuya, ya yi faɗa da karnuka biyu kafin a kashe shi. Karnukan nan biyu suna cikin waɗanda suka gudu ranar allura, don haka ba yadda aka iya, sai da aka kashe su, alhali su ne ke tsaron garken da dare. Ita ma akuyar ba ta tsira ba. Kwikwiyon, wanda yaron ke kira Duna, Allah ya sa yana bakin rijiya tare da mai shi a lokacin. Dattijon ya ce da ni: "Ɗana, wannan ya rage mana. Yaya za a yi ya tsaya a yi masa allurar?"

Abin da muka yi da Duna cikin sati uku shi ne zan bayyana muku, domin duk mai kwikwiyo zai iya yin sa a gida, ba tare da ya kashe ko dala ba.

Me ya sa wannan ya shafi lafiyar garke

Haukan kare cuta ce da ke cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga jiki ta wurin cizo, ta bi jijiya har ta kai ƙwaƙwalwa. Ba kare kaɗai take kamawa ba. Tana kama saniya, raƙumi, jaki, doki, tunkiya, akuya da mutum. Daga ranar cizo zuwa ranar da alamu za su fito yawanci wata 2 zuwa 3 ne, amma yana iya zama sati guda kawai, yana kuma iya kai shekara. Da zarar alamun sun bayyana, kusan babu mai tashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Har kashi 99 cikin 100 na mutanen da ke kamuwa daga kare suke samun ta. Maganin abin kuwa sananne ne. Tun 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa mutum allurar wannan cuta a Faransa. A yau masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, aka kuma dinga maimaitawa, cutar takan daina yawo a tsakaninsu. A kan haka ne manyan hukumomin lafiyar mutane da na dabbobi na duniya suka sa burin kawar da mutuwar mutane daga cizon mahaukacin kare nan da 2030, ake kuma tunawa da yaƙin kowace ranar 28 ga Satumba.

To ga inda gizo ke saƙar. Saniya ana kora ta cikin shinge ko tana so ko ba ta so. Kare kuwa sai mai shi ya kawo shi, ya riƙe shi. In karnuka goma ne a zango, sai an kama bakwai kafin a ce an yi aiki. Allura tana iya zuwa har ƙofar bukka, amma karen da ba ya kamuwa daidai yake da wanda allurar ba ta zo garinsu ba. Haka ma ba shi maganin tsutsa, cire masa kaska, wanke masa rauni, ko tsare shi a sa masa ido in ya ciji wani: duk sai da igiya. Karen da ke tsare mana ƴan raguna daga dila da kura yana da haƙƙin a kula da lafiyarsa, kuma lafiyarsa ita ce katangar da ke tsakanin daji da ƴaƴanmu.

Tsoro ne, ba taurin kai ba

Abu na farko da na gaya wa dattijon shi ne, Duna ba taurin kai gare shi ba, kuma ba haka aka haife shi ba. Na tambayi yaron yaushe aka fara sa masa igiya. Ya ce ranar da aka raba shi da uwarsa aka ɗaure shi a gindin icce, ya kwana yana kuka. Karo na biyu ranar da ya sha nono a ƙwarya aka ɗaure shi aka yi masa bulala. Karo na uku ranar allura. Ke nan sau uku ya gamu da igiya, sau uku ya sha wuya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Akwai kuma zancen shekaru. Daga sati 3 zuwa kamar sati 12 da haihuwa shi ne lokacin da kwikwiyo ke saurin sabawa da duk abin da ya gani: mutane, bisashe, ƙara, hannu a jikinsa. Abin da ya saba da shi cikin kwanciyar hankali a wannan lokaci ba ya cika ba shi tsoro in ya girma. In lokacin ya wuce ana iya koya masa, sai dai aikin ya fi jan lokaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kare ba ya magana, amma jikinsa yana faɗa. Ga alamun da za ka lura da su, daga ƙanana zuwa manya:

- yawan lasar baki da hamma alhali ba barci yake ji ba;
- kau da kai gefe, farin idonsa ya fito;
- kwantar da kunnuwa baya, cusa wutsiya tsakanin ƙafafu;
- maƙalewa ƙasa, karkarwa, haki ba tare da ya yi gudu ba;
- ƙin karɓar abincin da ka san yana so;
- sandarewa wuri guda, sakin fitsari;
- gurnani, buɗe haƙora, sannan cizo.

Mai lura yakan tsaya tun a alamun farko. Wanda bai lura ba shi ne ke cewa kare ya cije shi ba gaira ba dalili, alhali karen ya daɗe yana roƙon a ba shi wuri.

Abu uku kafin a fara

Na ɗaya, a duba jikinsa. Sau da yawa kwikwiyon da ya turje ba igiyar yake tsoro ba, ciwo yake ji. A duba tsakanin yatsun ƙafarsa ko ƙarangiya ta maƙale, ko tsidau ya soke shi. A duba cikin kunne da wuya saboda kaska, da kuma tsohon raunin igiya. Kwikwiyo mai babban ciki da ramammen jiki yawanci tsutsa gare shi, ba shi da ƙarfin tafiya, sai an fara ba shi magani. Da muka duba Duna mun samu gyambo a ƙarƙashin wuyansa inda igiya ta goge, sai da muka bari ya warke.

Na biyu, a gyara abin ɗaurin. Kada a yi amfani da zarge, wato ƙullin da ke ƙara shaƙewa in an ja. Kada a sa waya ko siririyar igiyar leda, suna yanka fata. Maƙogwaron ƙaramin kare ba shi da ƙwari, in an shaƙe shi numfashi ke yanke masa, tsoron kuma ya ninka. A samu tsumman zane mai faɗin yatsa biyu ko uku a yi masa abin wuya da ƙullin da ba ya motsi, a bar sarari yadda yatsu biyu za su shiga tsakaninsa da wuya. Sai dai karnukanmu na arewa, irin na Azawak da danginsu, kansu siriri ne, bai fi wuyan kauri sosai ba, shi ya sa suke zare kai cikin sauƙi. Ga irinsu ɗaurin ƙirji ya fi: zobe guda na tsumma a gindin wuya, zobe na biyu ya kewaye ƙirji ta bayan ƙafafun gaba, a haɗa su da guntun tsumma a kan gadon baya da wani ta tsakanin ƙafafu, sannan a ɗaura igiyar a gadon baya. Igiyar ta zama marar nauyi, tsawonta gaba guda, wato kusan mita 2. Kwikwiyo yana saurin girma, don haka a riƙa duba ɗaurin kowane sati kada ya nutse cikin fata.

Na uku, a tanadi ɗan abin lada. Gutsuren cuku, dafaffen nama marar yaji, ko ɗan tuwo da aka jiƙa da nono, kowane gutsure kamar ƙwayar wake. Kada a ba shi kilishi ko wani abu mai albasa da tafarnuwa, suna lalata masa jini. Kada a ba shi goro ko ragowar shayi, ko dafaffen ƙashin da ke tsagewa. Sannan ina roƙonku, kada a jefa wa kare ɗanyen huhu ko hanta mai jakunkunan ruwa, ko kan tunkiyar da ta mutu tana juya wuri guda. Cikin waɗannan akwai ƴaƴan tsutsa. In kare ya ci, tsutsar takan girma a hanjinsa, ƙwanta ya fito cikin kashinsa ya zauna a ciyawa, bisashe su ci su kamu. Mai jakunkunan ruwan har mutum tana kamawa. Irin wannan nama a ƙone shi ko a binne shi da zurfi.

Matakan sabo

Dokar aikin guda ce: a nuna masa abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan, daidai yadda zai iya jurewa, kuma duk lokacin da ya gan shi wani abu mai daɗi ya biyo baya. Ba sabon ilimi ba ne a wurin makiyayi. Wanda ya taɓa horar da ɗan raƙumi ya san ba ranar da aka sa masa akala ake ɗora masa kaya ba. A yi aikin minti 3 zuwa 5, sau biyu ko uku a yini, da sanyin safiya da na maraice, kafin a ba shi abinci. Mutum guda ya riƙa yi, wanda karen ya fi yarda da shi. In yaro ne, babba ya kasance a kusa.

Mataki na 1: igiya a ƙasa. A ajiye ta kusa da kwanon abincinsa, kada a taɓa ta. In ya ƙi zuwa, a matsar da ita nesa har inda zai yarda ya ci, gobe a ɗan matso da ita. In ya sansana ta, a ba shi lada. Duna sai da ya kwana huɗu kafin ya ci abinci igiyar na gefen kwanon.

Mataki na 2: igiya a hannu. A tsuguna, a juya masa gefe, kada a tsaya a kansa ana zura masa ido. A ɗaga igiyar a ba shi lada, a ajiye. A shafa ta a kafaɗarsa a ba shi lada, a janye. Da sannu zai gane cewa fitowar igiya fitowar cuku ce.

Mataki na 3: sa abin wuya ko na ƙirji. A riƙe zoben a buɗe, a sa ladar ta ɗaya gefen, shi da kansa ya zura kai ya ɗauka. In ya saba, a ɗaura masa lokacin cin abinci, a cire da ya gama. Kullum a ƙara lokaci. Zai yi susa, zai yi birgima, wannan ba komai ba ne.

Mataki na 4: ya ja igiyar da kansa. A ɗaura igiyar a sake ta a ƙasa ya yi yawo da ita cikin gida ko tsakiyar zango, inda ba kututture ko ƙaya da za ta sarƙe. Ido na kansa, kada a bar shi shi kaɗai da ita.

Mataki na 5: ka ɗauki igiyar, ka bi shi. Nan ne mutane da yawa ke kuskure. A kwanakin farko ba kai ke jan kare ba, shi ke gaba kana biye, igiyar a sake tana lilo. Abin da ake so ya gane shi ne, mutum yana iya riƙe igiya ba tare da an shaƙe shi ba.

Mataki na 6: shi ya biyo ka. Ka yi taku biyu, ka kira sunansa da murya mai daɗi, in ya zo ka ba shi lada a daidai gefen ƙafarka. Sai taku uku, sai biyar, sai goma. In igiyar ta miƙe ya kafe, kada ka ja kuma kada ka yi tsawa. Ka tsaya cik, ka tsuguna, ka jira. Da ya ɗaga ƙafa guda zuwa wurinka igiyar za ta saki, nan take ka yaba masa ka ba shi lada. Da haka yake koyon cewa matsowa wurinka ita ke kawo sauƙi.

Mataki na 7: fita waje. A fara da wurin da ba hayaniya, tafiya gajera, a komo tun bai gaji ba. Sannan a lissafa abubuwan da ke firgita shi. Na Duna uku ne: moto, amalanken jaki, da baƙon mutum mai sanda. Ga kowanne akwai tazarar da kare zai gan shi amma bai ruɗe ba. Ma'auninta mai sauƙi ne: in yana karɓar abinci, tazarar ta yi, in ya ƙi, kun matsa da yawa, ku ja baya. A nan za ku tsaya, moto ta wuce can nesa, a ba shi lada. Gobe ku matsa taku kaɗan. In wani abu ya faɗo muku ba zato ya firgita, ka juya ku bar wurin cikin natsuwa, ka shiga tsakaninsa da abin. Lallashin kare mai jin tsoro ba ya ɓata shi.

Dabara guda da ta taimake mu ƙwarai: maƙwabcin dattijon yana da wata tsohuwar karya mai sanyin hali wadda aka yi wa allura. Da aka riƙa fita da su tare, Duna ya riƙa bin ta, abin da ba ta kula ba shi ma sai ya rage kulawa. Amma kwikwiyon da ba a yi wa rigakafi ba a nisanta shi da karnukan da ba a san su ba.

A kula da zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, rairayin rana yana ƙona tafin ƙafar kwikwiyo. Ka ɗora bayan hannunka a ƙasa. In ba ka iya barin sa, shi ma ba ya iya takawa. Kare da haki yake rage zafin jikinsa, don haka a tafi da ruwa.

Kada a wuce mataki sai ya yi wanda ake kai cikin sakin jiki kwana biyu a jere. In an samu koma baya, a koma matakin da ya gabata. Wani kwikwiyon sati guda ya ishe shi, wani sai wata biyu, musamman babban karen da ya sha duka.

Shirin ranar allura

Tafiya da igiya rabin aiki ne, sauran rabin shi ne ya yarda a riƙe shi. Tun ana mataki na 5 a fara wannan: a shafa wuyansa, a ɗan tattaro fatar bayan wuya a saki, a taɓa cinyarsa, a ɗaga ƙafa, a duba kunne, kowanne da ladarsa. Sannan a koyi riƙon da ma'aikaci ke buƙata: hannu guda ya zagayo ta ƙarƙashin wuya, ɗayan ya rungumo ƙirji, jikin karen a manne da naka, kansa na kallon gaba. A fara da ƙirga uku a saki, har a kai ƙirga ashirin. In ya saba, a roƙi wani wanda karen bai sani ba sosai ya zo ya taɓa shi yayin da kake riƙe.

Ranar allura ku zo da wuri tun rana ba ta yi zafi ba, cikinsa ba a cike ba, ladar na aljihu. Ku tsaya can gefe a inuwa, nesa da shingen shanu da sauran karnuka, har a kira ku. In ka san karenka yana iya cizo, ka faɗa wa ma'aikaci tun farko a sa masa takunkumi na tsumma na ɗan lokaci. Wannan ba abin kunya ba ne.

Yawanci ana yi wa kwikwiyo allurar haukan kare daga wata 3. In masu allura sun zo naka bai kai ba, ka kawo shi duk da haka, su za su faɗa maka abin da ya dace da ranar da za a sake. Allurar tana ɗaukar ƴan makonni kafin ta kama jiki, kuma ana maimaita ta, galibi kowace shekara. Ka adana takardar da aka ba ka tare da na bisashenka.

Abubuwan da ke ɓata aiki

Jan kare a ƙasa wai don ya saba. Wani lokaci yakan yi shiru ya bi, amma ba sabo ba ne, ya fid da rai ne, kuma gobe ba za ka ƙara kama shi ba. Duka da tsawa yana ɗaure. Kiran sa da daɗin baki sannan a hukunta shi in ya zo. Barin yara su riƙa jifa ko tsokanar sa yana kan turke. Ɗaure shi yini guda a rana ba ruwa. Sai kuma dukan kare don ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne. In ka hana shi gargaɗi, ranar da ya ƙosa cizo kawai za ka ji.

Inda za a dakata a kira ma'aikaci

Duk abin da na faɗa na karen da aka san shi da tsoro ne tun can. In kare mai sakin jiki ya sauya hali kwatsam, yana ɓuya a duhu, ko yana cizon icce da ƙasa, haushinsa ya sauya, yawu na dalala, muƙamuƙinsa ya saki, ko ƙafafun baya sun mutu, wannan ba zancen horo ba ne. Kada kowa ya taɓa shi. A kawar da yara da bisashe, in ana iya rufe shi ba tare da an kusance shi ba a rufe, a kira ma'aikacin dabbobi. Kada a zura hannu a bakinsa wai ƙashi ya maƙale. Haka ma saniyar da ke dalalar da yawu, tana kuka ba ƙaƙƙautawa, ta kasa haɗiya: kada a sa mata hannu a baki.

In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, ko da kwikwiyo ne, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu har minti 15, ana zuba ruwa yana gudana. Kada a sa barkono, toka, ƙasa ko gashin karen, kada kuma a ɗaure raunin tamau. A tafi asibiti a ranar, ba sai an ga alama ba, domin allurar bayan cizo tana aiki ne kafin cutar ta bayyana. Karen da ya yi cizon, in lafiyarsa lau ake gani, a tsare shi da ruwa da abinci a sa masa ido aƙalla kwana 10, ko adadin da ma'aikaci ya faɗa. Amma wanda aka ciza ba ya jiran kwanakin su cika kafin ya je asibiti.

Yadda ta ƙare da Duna

Na koma zangon bayan sati uku. Tun daga nesa na hango yaron tafe, Duna a gefensa, igiyar tsumma a sake tsakaninsu. Da ya ga motona ya tsaya, ya kwantar da kunne. Yaron bai ja shi ba. Ya tsuguna ya ba shi cuku, ya jira har na kashe injin na matsa gefe. Sannan ya rungume shi yadda muka koya, na tattaro fatar wuyan na yi allurar. Bai ko juyo ba. Dattijon ya girgiza kai ya ce: "Ashe mu ne ba mu iya ba."

Har yanzu Duna ba ya son ƙarar moto, kuma ba na jin zai taɓa son ta. Amma yana kamuwa, ana ba shi maganin tsutsa, yana kuma kwana a bakin garke.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyoyi, daga Maradi zuwa Damagaram da Tawa: in kun ji ranar zuwan masu allura, ku sanar da masu karnuka tun da saura wata guda, ku ƙirga karnukan kowane zango kamar yadda kuke ƙirga shanu, ku sa kowane gida ya fara saba wa nasa da igiya. Wanda karyarsa ta haihu kuma, ya fara tun ƴaƴan suna bin uwarsu.

Allah ya tsare mana iyalanmu da bisashenmu, ya ba mu damina mai albarka.